Fiton da Samchun Malsun Take Ji

A ƙungiyarmu ta mata masu nutso ni ce auta. Na ba shekara sittin baya, jikokina sun fara kamo ni tsawo, amma har yau in ana neman mai ɗora buta ko mai kashe fitila, ni ake ƙwala wa kira. Shugabancin da suka ɗora mini ma ba don sun ga girmana ba ne. Ni kaɗai ce idona ke karanta takardar gwamnati ba tabarau, kuma ni kaɗai ce gwiwata ke hawa benen ofishin masunta. Wai shugaba! Shugabar da ake aike sayen cingam.

Cingam ɗin na toshe kunne ne. Kafin mu faɗa ruwa kowacce sai ta tauna ta cusa a kunne, ta haɗiye garin maganin ciwon kai, ta goge gilashin fuskarta da tazargade don kada ya yi hazo. Duk da haka teku ba ya barin kunnen kowa. Wadda ta shekara hamsin tana sauka ƙasan ruwa tana hawowa, dole kunnenta ya yi nauyi. Shi ya sa in ka bi ta bayan ɗakin da muke sauya kaya za ka rantse faɗa ake yi, alhali gaisawa kawai muke yi.

Amma nauyin kunne daban, kurumta daban. Mu a ruwa abu ɗaya muke nema kunne ya yi mana, shi ne ya ji fito. In mace ta taso daga ƙasa, numfashin da ta riƙe yakan fita da wani siririn fito, hoooi, hoooi, sannan ta rungume gorarta da ke yawo a saman ruwa ta huta. Bibbiyu muke nutso. Ba a kallon abokiyar nutso, igiyar ruwa ma ba za ta bari ba, saurarenta ake yi. In ta yi fito tana raye. In lokacin fitonta ya yi ba a ji ba, to, shiru ma magana ce, sai ki saki duk abin da ke hannunki ki bi ta ƙasa. Wadda ta daina jin fito ba ta da sauran amfani ga abokiyarta, sai a mayar da ita tekun kakanni, ɗan wurin nan na bayan duwatsu inda ruwa ke tsaya wa mutum a ƙirji, inda tsofaffi ke tsintar ciyawar teku. Ba wanda ya rubuta wannan doka, haka muka tarar ana yi.

Samchun Malsun (samchun muke kiran duk wadda ta girme mu) ta haura tamanin, kuma har lokacin tana cikin 'yan sahun farko, masu zuwa can nesa inda ruwa ya yi baƙi. Ita ta koya wa rabinmu nutso, har da ni. Mijinta ya tafi da jirgi bai dawo ba tun tana da goyo, da numfashinta ta raini 'ya'ya huɗu. Mace ce mara yawan magana, in ta kalle ki sau ɗaya kin san kin yi laifi. Abokiyar nutsonta kuwa, Samchun Dohwa, bakinta ba ya hutawa sai in tana ƙarƙashin ruwa. Tun suna 'yan mata suke tare, Dohwa na ce mata Yaya, ita kuma tana ce mata uwar surutu. Kowa a garin ya san in ka ga gora ɗaya a can bakin dutsen nesa, to, ɗayar tana kusa.

Buta ce ta tona asirin. Wata rana mun fito ruwa muna shan ɗumi, an ɗora butar nan mai fito a bayan Samchun Malsun, kusa da ita ƙwarai. Ruwa ya tafasa, buta ta kama ihu har cikin haƙorina nake ji. Ita kuwa tana zaune tana ɓare lemo, ko gezau. Sai ga Samchun Dohwa ta yi tsalle daga can ƙarshen ɗaki, tsallen da ban san gwiwarta na da shi ba, ta sauke butar. Da ta juyo muka haɗa ido, ta galla mini harara.

Na tare ta a hanya, gindin katangar dutse.

“Samchun, tun yaushe?”

“Tun yaushe me? Ke Auta, ki iya bakinki.”

“Ba ta ji butar nan ba. In ba ta ji buta a bayan kunnenta ba, ta yaya za ta ji ki a cikin iska?”

“To sai me? In ba ta ji ba wa zai mutu, ni ko ke?” Ta gyara kwandon da ke bayanta. “Raina ne, ni na ba ta ajiya. Ina ruwan biri da gada?”

“Da ruwana. In wani abu ya faru ni za a tambaya.”

“Ji min yarinya! Ranar da aka haife ki ni da Yaya muna ruwa, mu muka kawo wa uwarki ciyawar miyar jego. Yau ke ce za ki raba mu?”

Ta wuce ta bar ni tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya nake faɗa, kuma na san ba mai saye.

Na buga wa Jaegu, babban ɗan Malsun da ke aiki a Seoul. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya zo ya kai ta asibiti, aka yi mata abin sawa a kunne, ƙanana guda biyu masu kamar wake. Kwana kaɗan ta sa ta cire. Ta ce iskar garinmu tana shiga ciki kamar jirgin sama zai sauka a kanta, ƙarar cokali kuma kamar ana ƙira, amma maganar mutane har yanzu kunu ce. Ta mayar da su akwatinsu ta jefa a durowa. Ko da ta so su ma, ba abin shiga ruwa ba ne.

Daga nan na je asibitin gunduma na yi ta naci, har suka yarda su riƙa turo mana mai koyar da maganar hannu duk ranar da iska ta hana nutso. Don kada a ce Malsun aka nufa, na ce darasin na kowa ne, wadda ba ta zo ba ita za ta wanke ɗakin sauya kaya. Suka zo suna ƙunƙuni.

Malama Yun sunanta, mace mai kimanin shekara arba'in. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana budurwa, tana magana da baki sarai, sai dai ba ta jin amsarki sai ta kalli leɓenki. Ranar farko ba ta koya mana alama ko ɗaya ba, faɗa ta yi mana. Ta ce mu daina yi wa mai ciwon kunne ihu, ihu yana murɗe baki ne kawai, ya kuma sa mutum ya ji kamar tsawa ake yi masa. Ta ce ki zo ta gabansa, haske na kan fuskarki, ki taɓa kafaɗarsa kafin ki fara, ki yi magana a hankali, kuma mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya.

“Mutum ɗaya?” in ji Samchun Dohwa. “Malama, a ɗakin nan? Ai sai dai a kashe sauran.”

Aka yi dariya. Samchun Malsun ta ga ana dariya, ita ma ta ɗan yi, a makare.

Malama Yun ta ƙara da cewa siraran ƙararraki su ke fara tafiya, kukan tsuntsu, muryar jariri, fiton buta. Kuma kunne in ya rasa abin ji yakan ƙirƙiro nasa, wani ya riƙa jin kukan gyare, wani ƙarar ƙarfe, wani fito, alhali ba abin da ke ƙara. Lokacin da take faɗar haka Malsun na kallon teku ta taga.

Darasin kansa abin dariya ne, in kina da ƙarfin dariya. Yatsunmu duk sun kanannaɗe, sanyi da dutse sun cinye su. Malama ta yi abu da hannunta sumul, mu mu kwaikwaya kamar ƙaguwa na neman hanya. Samchun Dohwa ce kaɗai abin ya shiga kanta, don ta samu sabuwar hanyar surutu. Kafin wata ya ƙare ta iya cewa rowa, ta iya cewa ƙarya, ta kuma matsa wa Malama sai da ta koya mata zagi biyu. Har alamar mutuwa ta tambaya, wai don ta riƙa yi wa Kang mai jirgi in ya makara. Malama ta tsayar da hannu, sannan ta kwantar da shi gefe. Dohwa ta yi ta maimaitawa tana lumshe ido tana zaro harshe, mata na riƙe ciki.

Malsun kuwa hannunta na cikin hammata.

“Sai da na tsufa za a mayar da ni bebiya?” ta ce, da ƙarfi, don ba ta san ƙarfin muryarta ba. “Bakina lafiyarsa ƙalau.”

Malama Yun ta zo ta durƙusa a gabanta, ta bari haske ya sauka a fuskarta. “Samchun, bakinki lafiya lau. Ba don ki yi magana ba ne, don a yi miki ne.”

Malsun ta daɗe tana kallonta. Ban sani ba ko ta gane duka, amma mako na gaba ta fito da hannun. Abu biyu Malama ta nace mata a kai. Na farko ƙawa, a haɗa tafin hannu biyu sau biyu. Na biyu lafiya lau, a taɓa haɓa da ƙaramin yatsa. Shawarar da muka yanke da Malama ita ce, duk sanda ɗayarsu ta taso, ta ɗaga kai ta nemi 'yar'uwarta da ido, su yi wa juna lafiya lau, sannan a sake nutsawa. Abin da kunne ya kasa, ido ya ɗauka.

Sai dai ƙaramin yatsan Malsun a lanƙwashe yake tun wani cizo da kifi ya yi mata tana matashiya, ba ya miƙewa. In ta kai shi haɓa sai ya zama kamar tana susa.

“Yaya, lafiya lau aka ce, ba ƙaiƙayi ba,” in ji Dohwa, tana kama yatsan tana ja.

“Sakar mini hannu, uwar surutu. Shekara sittin ina tasowa in kifa kaina a gora in saurara. Yanzu kuma in koma waige-waige kamar kaza?”

Nan zuciyata ta fara gaya mini ba za a kai ko'ina ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba alamar ce ta gagare ta ba, ɗaga kan ne, don jikinta ya riga ya haddace abin da yake yi in ya taso.

Da kaka ta gabato, za a buɗe kamun dodon koɗi, na tara mata na faɗi abin da kowa ya sani kowa ke tsoron faɗa. Na zauna a gaban Malsun yadda aka koya mana, na ce a ganina bana ta huta a tekun kakanni. Ta gane, don ta ga inda na nuna da hannu.

“Muryoyinku ne ba na ji,” ta ce, “kuma ban yi asarar komai ba. Amma fiton Dohwa ina jin sa sarai. Ko a gonar karas nake ina jin sa.”

Mata suka fashe da dariya, sun ɗauka tsiya take yi wa ƙawarta. Ni ban yi dariya ba. Na ce to abu mai sauƙi, ta juya baya, Samchun Dohwa ta yi fito, in ta ji ta ɗaga hannu. Kai, kamar na zuba ruwa a tafasasshen mai! Wannan ta ce ba ni da kunya, waccan ta ce shugabanci ya hau mini kai. Ba a taɓa gwada 'yar sahun farko a gaban waɗanda ta koya wa riƙe numfashi ba, kuma ba a kaina za a fara ba.

“Akuya ce a kasuwa da za ki buɗe mata baki?” in ji Dohwa, tana huci. “Ta ce tana ji. Yaya ta taɓa yi miki ƙarya?”

Ba ta taɓa ba, shi ne abin. Aka tashi a kan za ta ci gaba da zuwa nesa, da sharaɗin za su riƙa yin alamar nan. Malsun ta kai lanƙwasasshen yatsanta haɓa, ta kalle ni kamar ta ce kin ji daɗi, aka watse.

Washegari da hantsi na kai mata ɗan kifi, don kada ta riƙe ni a rai. Na same ta a gaban talabijin, bakuna na motsi, ta kashe ƙarar gaba ɗaya. Wayarta ta yi haske, ta ɗauka ta ce, “Eh, eh, na ci abinci, ku ma ku ci,” ta ajiye. Ko wanda ya kira ba ta tsaya ji ba. Ta nuna mini wuri na zauna.

“Auta, kin san uwata?”

Na gyaɗa kai.

“Da aka mayar da ita tekun kakanni ba ta ga bazara biyu ba. Ba ciwo ta yi ba, zama kawai ta yi.” Ta kalli hannunta. “A nan tudu kowa na motsa baki yana kallona kamar wawiya. Jikokina in sun zo sai su yi mini murmushi su wuce. A ƙarƙashin ruwa kuwa duk kurame ne, ke da ni ɗaya. Can kaɗai ya rage mini.”

Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina da na tayar da maganar. Na gyara mata kifin na tafi.

Ranar da abin ya faru gari ya yi kyau, sai 'yar igiyar ruwa da ke ɗaga mutum ta sauke. Kang ya zuba mu bibbiyu, ya kai su Malsun can bakin dutsen nesa, wurinsu na kullum. Da farko ina hango su, kuma na ga Dohwa na ɗaga hannu in ta taso. Malsun ta amsa sau ɗaya ko biyu. Daga nan aiki ya ɗauke ni, dodon koɗi ya yi yawa a bana, kowa ta kanta take.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da na taso na ji ƙahon jirgi, ba irin na tashi ba, dogo wanda ba ya yankewa. Kang ya zo ya fizge ni da abokiyata cikin jirgi. Ya ce ya daɗe yana ganin gorar Dohwa ba kai a kanta. Ya yi ta danna ƙaho yana kiran Malsun, tana nan kusa, jifan dutse bai fi ba, amma sai ta taso ta kifa kai a gora ta sake komawa.

Ni na sauka. Ban sha wuyar samun Dohwa ba, tana daidai ƙarƙashin gorarta. Ta ga wata ƙatuwar jonbok, ƙumbar nan mai manne wa dutse, irin wadda mace kan shekara ba ta ga kamarta ba. Ta zura ƙarfen ɓamɓara, abin ya damƙe ƙarfen, igiyar ƙarfen kuma na ɗaure a wuyan hannunta. Abu ne da kowaccenmu ta sani, kuma maganinsa ɗaya ne, abokiyarki ta ji shirunki ta sauko da wuƙa. Na yanke igiyar na tura ta sama.

Muka jawo ta cikin jirgi, muka danna ƙirjinta har hannuwanmu suka mutu. Kang ya kira 'yan ceto ta rediyo, amma duk mun san an gama. Jikinta ya riga ya gaya mana ta daɗe. Muka cire mata gilashi, muka rufe ta da rigar sanyin Kang.

Sannan jirgi ya matsa wajen Malsun.

Ta taso, ta yi fitonta, dogo mai kyau, ta rungume gora. Ragarta cike take har tana jan gorar ƙasa, rabon da ta yi kamu irin wannan an daɗe. Da inuwar jirgi ta rufe ta sai ta ɗaga kai, ta ture gilashi zuwa goshi, ta gan mu jere muna kallonta. Ta yi murmushi. Ta sa ɗayan hannun ta miƙar da ƙaramin yatsan nan da ƙarfi, ta kai shi haɓa, sau biyu, daidai yadda Malama ta koya. Ba ta taɓa yin sa da kyau haka ba.

“Kun gani ko?” ta ce. “Ina uwar surutun? Ta riga ni hawa ne? Raguwa!”

Ba wadda ta motsa. Kang ya buɗe baki yana faɗa mata da ihu, yana kuka, injin na ƙara, ita kuwa tana bin bakinsa da ido ba ta gane komai. Ta kalli wannan, ta kalli waccan. Daga inda take a ruwa ba ta hango abin da ke kwance a cikin jirgi.

Na cire safar hannu na durƙusa a bakin jirgi, inda rana ke kan fuskata. Na haɗa tafin hannuna sau biyu. Ta gyaɗa kai, ta gane, ƙawa. Sai na tsayar da hannuna, na kwantar da shi gefe, abin nan da Dohwa ta yi ta ba mu dariya da shi.

Ta daɗe tana kallon hannun.

“Ƙarya kike,” ta ce. “Tun ɗazu nake jin ta. Ko sau ɗaya ba ta yi shiru ba.” Ta karkata kai gefe, ta ɗaga yatsa. “Ga shi nan ma. Ga shi tana yi. Ku ba kwa ji?”

Kang ya kashe injin. Ba abin da ke ƙara a tekun nan sai ruwa da ke bugun jikin jirgi. Muka kama ta muka hawo da ita, ta ga ƙafafun da rigar ba ta rufe ba, ta zauna a wurin. Ba ta yi kuka ba. Hannunta ɗaya na kan kunnenta har muka isa gaɓa.

Aka dakatar da nutso kamar yadda ake yi. Aka kira mai bori ta wanke ruwan, kowacce ta ƙulle shinkafa a farar takarda ta jefa wa Sarkin Teku. 'Ya'yan Dohwa ba su ce wa Malsun komai ba, sun rusuna mata a wurin makoki kamar kowa, kuma da sun zage ta ina jin da ya fi mata sauƙi. Ba wanda ya sake yi mata maganar tekun kakanni. Ita da kanta ta zo ta ɗauki rigar robarta da gorarta daga ƙusa, ta tafi da su gida.

Darasin ma bai yi nisa ba bayan haka. Wadda ke sa mata zuwa don dariya ba ta nan, sauran kuma suka ce hannu bai ceci kowa ba. Na yi faɗa, na yi barazanar wankin ɗaki, a banza. Ranar ƙarshe ni kaɗai Malama Yun ta tarar. Ta ce mini irin wannan koyo tun kunne na da saura ake fara shi, kuma ba mai ciwon kaɗai ke koya ba, duk gidan ne, duk garin ne. Na ce Malama, mu nan ba mai yarda kunnenta ya tafi sai ya gama tafiya. Ba da daɗewa ba aka mayar da ita wani ƙauye. Yanzu a ɗakin sauya kaya akwai mata uku da na san ba sa jin buta, kuma duk ukun suna shiga ruwa.

Jaegu ya zo zai tafi da uwarsa Seoul, ta ƙi. Ya gyara mata abin kunnen, ta karɓa ta mayar durowa. Nakan leƙa ta in na fito ruwa. Kullum tana zaune a tsakar gida, ta ba teku baya, tana fuskantar katanga.

Jiya na kai mata kunun kabewa. Na zagaya ta gabanta, na taɓa kafaɗarta, na kai ƙaramin yatsana haɓa ina tambayarta. Ta kalli yatsan nata, ta bar shi a cinya.

“Auta,” ta ce, “malamar nan taku, ta ce fiton nan yana dainawa?”

Na girgiza kai. Ban ga amfanin yi mata ƙarya ba.

“To.” Ta karkata kai. “Ba ƙarar ce ke damuna ba. Na sani, kun gaya mini, ni na ga ƙafafunta. Amma duk sanda ta yi, kafin in tuna, sai zuciyata ta ce to, ta taso.”

Na ajiye mata kunun kusa da ƙafarta. Da na waiga daga bakin ƙofa tana nan yadda na bar ta, tana saurare.